ECOWAS: rumfa ce ko takunkumi?

Bashir: Salamu alaikum. Jiya a majalisar Ƙofar Marusa Kawu Lawal ya ce wai duk ƙasar da ta shiga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ta jinginar da 'yancinta, shi ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025. Ni dai ban gamsu ba.

Kawu Lawal: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakata. Da sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, wa ya sa aka rufe boda aka yanke wa Nijar wutar lantarki? Na je Jibiya a lokacin. Tireloli jere har ido ya gaji, direbobi sun kafa murhu a ƙarƙashin mota suna dafa shayi, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya cika wurin. Mutanen Maraɗi fa 'yan'uwanmu ne, sarkinsu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. A zauna a Abuja a raba wa da ƙani, ka ce mini da sauran 'yanci?

Malama Hadiza: Kawu, a gafarce ni, zan ja da kai. Wa ya rufe bodojinmu a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa? Buhari ne, ɗan Daura, kuma sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙungiya damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, amma ECOWAS ba ta iya hana Buhari ba. Kotunta da ke Abuja ta ce a saki Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, a 2016, bai fito ba sai ƙarshen 2019. Ina 'yancin da Najeriya ta rasa?

Bashir: Yauwa Anti!

Malama Hadiza: Kada ka yi saurin tafi, Bashir, ban gama ba. Maganar Kawu gaskiya ce a kan Nijar, ba ta da teku, kuma a lokacin mafi yawan wutarta daga wurinmu take. Bulalar ɗaya ce, sai dai bayan ƙarami take sauka. A 2023 ma Tinubu ne shugaban ƙungiyar, kuma hannun Najeriya ne ya kashe makunnin.

Kawu Lawal: To ai kin dawo hanya, 'yata.

Malama Hadiza: Rabin hanya, Kawu.

Alhaji Mamman: Ku tuna Gambiya a 2017. Jammeh ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, sojojin ECOWAS suka sa ya kama hanya. 'Yancin wa aka taka, na Jammeh ko na masu ƙuri'a?

Kawu Lawal: Alhaji, Gambiya loma ɗaya ce. A gwada haka da mu mana.

Usman: Ingila ma ta bar Tarayyar Turai a 2020, ba ta mutu ba.

Alhaji Mamman: Usman, Ingila tsibiri ce. Mu gonar wani tana nan, rijiyarsa tana can.

Bashir: Ni tambayata ta gaggawa ce. Ranar Asabar akwai sunan ɗan Yaya Binta a Maraɗi. Yanzu da suka fice, da wace takarda zan wuce Ɗan Isa?

Alhaji Mamman: A Janairun 2025 ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an sake sanarwa. Amma ka riƙe fasfo, ka kuma yi sammako.

Kawu Lawal: Ka sayo mini kilishi.