Littafi a Tsakiyar Kaye: Musayar Baitoci Daga Damagaram

Assalamu alaikum. Abin da ya jawo wannan musaya shi ne, wani dattijo daga unguwar Birni, wanda ya daɗe yana koyarwa a lakwal kafin ya ajiye alli, ya buɗe kayen jikarsa, wato littafin rubutunta na makaranta, domin ya duba mata aikin lissafi, sai ya tarar an ninke littafin soyayya na Hausa a tsakiyar shafuka. Bai yi mata faɗa ba, amma abin ya tsaya masa a rai, har ya tsara baitocin da ke ƙasa, ya kuma roƙi duk mai amsa ya amsa masa da waƙa. An yarda ba za a kama sunan kowa ba, kowa zai shigo da laƙabin sana'arsa ko unguwarsa.

Tsohon Malami, Birni

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa basirar ganewa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Sannan in faɗi abin damuwa
A kan abin da yara ke kira karatu.

Na buɗe kayenta in duba lissafi,
Sai ga shi an ninke wani ɗan littafi,
Hoton budurwa da mota a kan shafi,
Na bi layi goma, kogin ba zurfi,
Babu abin da zai sa yaro ya ilmantu.

Saurayin attajiri ne mai bene,
Yarinyar kuwa kullum tana zaune,
Tana kuka, tana sauya zane,
Ku gaya mini amfanin mene ne
Ga wadda jarrabawar birbe ke jira ba hutu?

A 1933 an yi gasa a Zariya,
Imam ya kawo Ruwan Bagaja duniya,
Akwai hikima ciki, akwai ban dariya,
Wannan shi ne adabi na gaskiya,
Da shi ne harshen yaro ke ingantu.

Ni ban ce a hana yara nishaɗi ba,
Amma alewa ba ta zama tuwo ba,
Mai shan ta kullum ba zai ƙoshi ba,
Ɗan kududdufi bai san gulbi ba,
Ga fili ga doki, ku amsa wannan batu.

Mai Hayar Littattafai, Kasuwar Dole

Malam, Allah ya ƙara girma. Ni ba mawaƙi ba ne, amma tun da teburina aka taɓa, ba zai yiwu in naɗe hannu in yi shiru ba, ko da baitocin nawa za su zo da ɗingishi.

Malam, a gafarce ni, ni ne mai haya,
Ni ke ɗauko su daga Kano cikin kaya.

Shekaru na yi ina bin hanyar Magarya,
In cika buhu da littafi in juyo baya.

Dala biyar kwana guda, haka nake haya,
Masu zuwa teburina sun wuce iri ɗaya.

Akwai tela, akwai mai kitso, akwai amarya,
Akwai matar kulle da ba ta taka hanya.

Ƙanenta take aikowa da kuɗi da tambaya:
"Kashi na biyu ya zo, ko yana baya?"

Da yawansu lakwal ta sallame su tun baya,
Faransanci ya gagara, dikte ya yi wuya.

Amma suka haɗa baƙin Hausa ɗaya-ɗaya,
A kan waɗannan shafuka har suka iya.

Ruwan Bagaja ma ina da shi, ba ƙarya,
Wadda ta saba karatu kan nemo shi daga baya.

Malam, cokali guda ka ɗanɗana na miya,
Ka yanke wa tukunya hukunci gaba ɗaya.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou

Baba Malam, ina neman afuwa kafin in sa baki a maganar manya, domin ni ma na taɓa ɓoye irin wannan littafi a tsakiyar kaye, kuma ina ganin jikarka ba za ta iya faɗa maka abin da zan faɗa ba saboda kunya.

Baba Malam, ban zo da gardama ba,
Ban ce kowane littafi ya yi kyau ba,
Sai dai ba ka tambayi jikarka ba
Abin da ta gani ciki, ita da mu.

Ina aji shida ban iya rubuta
Wasiƙa da Hausa ba zuwa ga innata,
Littafin da na aro wurin yayata
Shi ya fara nuna mini baƙaƙen harshenmu.

A can na san ƙa da ɗa masu lanƙwasa,
Kano kan sa wa harafin "ya" waƙafi a bisa,
Nijar kuwa ƙugiya take maƙala masa,
Wannan duk ta littafin haya na samu.

Ka ce yarinyar kullum tana kuka,
Baba, ka bi dalilin kukan duka?
An ɗaura mata aure da sa'an kaka,
Irin wanda aka yi wa ƙawa a layinmu.

An fitar da ita aji tana sha huɗu,
Ta yi yaji sau uku, ta yi gudu,
Yanzu tana aikatau a can kudu,
Wa ya rubuta irinta in ba marubutanmu?

Kishiya da saki da yaji da biko,
Da marainiya mai shan wuya a gidan riƙo,
Matan Kano sun sa su a takarda tun farko,
Abin da ake rufewa a ɗakunanmu.

A gasar nan da ka yaba ta Zariya,
Jiki Magayi ma ai labarin soyayya,
Mai kuɗi ya ƙwace wa talaka amarya,
Ashe tsohon zance ne tun kakanninmu.

Ka zargi littafi in ya yi laifi,
Ka nuna kuskurensa shafi-shafi,
Amma raina mai karatu ya fi zafi,
Shi ke sa mu ɓoye shi cikin kayenmu.

Akwai abu guda da ya ƙi shiga baiti, shi ya sa zan faɗe shi a zube. Littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 yana ba da labarin matar da miji ya kora tare da ƴaƴanta, a cikin waɗannan littattafai da ake kira adabin kasuwar Kano aka lissafa shi, amma a 2012 an buga fassararsa da Turanci a Indiya, alhali a nan gida wasu na jin nauyin a gan su riƙe da irinsa.

Gwaggo, Malamar Islamiyya, Sabon Gari

Ƴata, Allah ya yi miki albarka. Ina tare da ke a rabin hanya, amma ku duka uku kuna maganar takarda ne, alhali abin da ke hana mu iyaye mata barci ya riga ya bar takarda.

Ƴata, maganarki ta shiga, na kuma yaba ta,
Amma bar ni in ƙara abin da kika manta.

Takarda dai kowa yana ganin fuskarta,
Mai haya ya san mai ɗauka da abin da za ta karanta.

Yanzu labari ya koma waya ya ɓuya cikinta,
Tsakar dare bargo na haske, uwa ta kwanta.

Akwai mai sayar da batsa, ba kunya a idonta,
A biya ta a WhatsApp, ta turo shafukanta.

Na ga irinsa a wayar ƴar ƙanwata,
Layi uku kawai, na kasa ɗaga fuskata.

Duk da haka ba na goyon a cinna wuta,
A 2007 Kano ta ƙona littattafai, me ta tsinta?

Toka ta bi iska, alƙalami ya ƙi ya huta,
Mai son karatu ta sake sabuwar hanyarta.

Ni dai bayan isha'i nakan tara ƴaƴana mata,
Ɗaya ta ɗauki littafi ta ɗaga muryarta.

In an zo wurin da jarumar ta yi wauta,
Mu tsaya mu yi musu, kowacce da hujjarta.

Tsaba da tsakuwa yanzu sun iya bambanta,
Wani tun shafi biyar suke cewa ya ƙazanta.

Tsohon Malami, Birni

Na karanta amsoshinku duka, kuma maganar ɗalibar nan ta wasiƙa ce ta hana ni sakat. Ga matasan da ba su tarar ba, a zamaninmu akwai abin da ake kira sambol, wato ƙashi ko wani tarkace da ake ɗaure wa igiya a rataya a wuyan yaron da ya yi Hausa a aji. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, amma ni ban koyar a irinta ba, kuma sai da na tsufa na ga ranar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025.

Mai haya, cokali guda ya isa miya,
Haka na so in ce maka tun jiya,
Sai ƴata ta taɓo ni a zuciya,
Ta tuna mini da ƙashi da igiya
Da na rataya wa yara a ɗakin karatu.

Duk wanda ya yi Hausa shi zai ɗauka,
Ya yi ta kasa kunne ga abokai duka,
Wanda ya yini da shi ya sha duka,
Ni na hana su harshen, ga ni ina kuka
Wai ba su san mai kyau ba a rubutu.

Amma ban janye duk maganata ba,
Alewa har yanzu ba ta zama tuwo ba,
Gwaggo kuma ba ta faɗi ƙarya ba,
Alƙali dai ba ya hukunci bai ji ba,
Zan zauna da littafin in yi masa karatu.

Tsohon Malami, Birni, bayan kwana tara

Na cika alkawari, ga kuma abin da na samo, ba tare da na rage ko na ƙara ba.

Kwana tara na yi, jan bik a hannu,
Ina bin shafukan nan sannu-sannu,
Har tabarau ya gajiyar da idanu,
Ga abin da na gani, ko za a amfanu,
Na yabo da na gyara a wannan rubutu.

Marubuciyar ta iya zancen mata,
Hirar uwar miji da surukarta,
Kai ka ce a gidanmu ta jiyo ta,
Karin magana na zuba daga bakinta,
Nan kam harshe ya zauna, ya wadatu.

Amma ta raba kalma inda ba a rabawa,
Ta haɗe "ya ce" da "ta ce" ba tsayawa,
Sannan talakan ciki mugu ne ko wawa,
Mai mota kaɗai ke da halin yabawa,
Wannan darasi kam da wuya ya kyautu.

Na kira jikata muka zauna a zaure,
Na ce, "Don me maganin komai sai aure?"
Ta ce ita ma nan ne kanta ya ɗaure,
Ta so jarumar ta koma aji ta daure,
Ashe ta riga ni gano wannan batu.

Sai dai wata ƙeta da ban yafe ba,
An kai ƙara, alƙali bai zauna ba,
Uban yarinya bai ce komai ba,
Aka ce mu haɗu a na biyu, ban gane ba,
Yaya za a bar mutum a ƙofar kotu?

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou

Baba, jan bik ɗinka shi muke nema,
Ya fi mana wuta da harara kuma,
Zancen talaka mun daɗe muna fama
Da marubuta a kansa a tsakaninmu.

Duk labarin a Kano yake faruwa,
Ban ga mai jiran famfo da ƴan ga-ruwa
Ko duwatsun Birni da rana ke faɗuwa
A bayansu ba, cikin littattafanmu.

A 2016 BBC ta buɗe Hikayata,
Gasar gajeren labari domin mata,
Jikarka ta gwada, ka riƙa gyara mata,
Ko Damagaram ta shiga labarinmu.

Mai Hayar Littattafai, Kasuwar Dole

Malam, da ka ambaci ƙofar kotu na gane littafin, domin na daɗe ina cigiyarsa a cikin kayana.

Malam, duba bango, da tambarina a baya,
Jikarka ce ta ɗauka, nawa ne na haya.

Kwana uku nata, tara naka, lissafi ba wuya,
Dala sittin ke nan, babu ƙarin ko ɗaya.

Jan bik da ka zuba na yafe gaba ɗaya,
Gyaran zai amfani masu ɗauka na baya.

Kashi na biyu yana hannun wata amarya,
Ta ce Laraba za ta aiko, in ba ƙarya.

Na sa ka a layi tun kafin ka yi tambaya,
Akwai tela a gabanka, kai ne na baya.