Baƙin garin ƙarfen da na haɗa ya koma ja, ina kuskuren yake?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibar kemistiri ce 'yar ajin ƙarshe a nan Kaduna. Bincikena a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ne masu bin maganaɗisu, waɗanda ake ɗora wa magani a ja su zuwa inda ciwo yake. Gwaggona ce dalili, na ga yadda maganin ciwon daji ya kakkaɓe mata gashi. Ranar da na haɗa, garin ya fito baƙi ƙirin, da na kara maganaɗisu a jikin kwalba duk ya taru gefe guda, har na yi kabbara. Bayan mako guda sai ya yi ja kamar tsatsa, ya dunƙule. Wata 3 ya rage mini in kammala.

Wani malamin kemistiri: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, iska ce ta shiga. Magnetait, wato baƙin garin da kika haɗa, in ya sha oksijin sai ya koma maghemait mai launin tsatsa. Ki tafasa ruwan don iskar da ke cikinsa ta fita, ki rufe ya huce kafin ki haɗa. Gishirin ƙarfe iri biyu ne: ferik kashi 2, feros kashi 1 a ma'aunin mol, ki zuba amoniya har pH ya kai 10. Ki duba feros sulfet ɗinki, in ya bar kore ya koma rawaya, a kwalba ya lalace. Dunƙulewa kuwa don ba ki sa wa ƙwayoyin riga ba ne, wato abin da zai lulluɓe su. Ƙaro ma yana yi, an gwada shi, ga shi a kasuwa da araha.

Wata mai harhaɗa magunguna: Ƙanwata, kada ki ɗauki kayan da ya fi ƙarfinki. Ferumoxytol, magani mai irin waɗannan ƙwayoyin ƙarfe, don ƙarancin jini Amurka ta amince da shi a 2009, likitoci kuma suna amfani da shi a hoton MRI. Jan magani zuwa cikin jiki har yanzu bincike ake yi, domin ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in wurin ya yi zurfi. Ki ɗora musu rinin metilin bulu a madadin magani, ki auna yadda yake sakuwa. Kada ki gwada a jikin kowa.

Wani tsohon ɗalibi: Ki tanadi kuɗin gwajin XRD mai nuna tsari da girman ƙwayoyin, ki tambaya a NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Zariya. Ana so girman kowace ƙwaya ya kasance ƙasa da nanomita 20, don su saki juna da zarar an janye maganaɗisu.

Mai tambaya: Malam, na duba kwalbar, rawaya ce kuwa! Gobe zan nemo sabo in sha Allah. Allah ya saka muku da alheri.