Ƙasar mayaƙa da nake ginawa a labarina ta ƙi zama ƙasa

ƊanMaiurno:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta ƙagaggen labari da Hausa a kan wata daula da na ƙirƙira, na sa mata suna Sulkiya. Tana bakin wani babban kogi, zamanin doki da mashi da kwari da baka ne, bindiga ta fara shigowa amma a hannun 'yan kaɗan. Duk yaron da ya kai shekara 15 ana ɗauke shi zuwa sansani, kuma ba ya aure sai ya fita yaƙi sau uku. Sarauta ba gado ba ce, manyan mayaƙa ne ke zama su zaɓi sarki a cikinsu. Na naɗa Madawaki da Barde da Sarkin Baka da Sarkin Lifidi, na yi wa kowa kirari da tutarsa.

Damuwata ita ce duk lokacin da na karanta abin da na rubuta, sansani nake gani, ba na ganin gari. Ban san me suke gardama a kai a fada ba, ban san me talaka ke faɗi idan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ba. Ni ɗan Maiurno ne a ƙasar Sudan, na tashi ina jin labarin yaƙin Burmi da Turawa da hijirar mutanenmu zuwa nan daga bakin tsofaffi, yanzu kuma ina zaune Gadarif saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afirilun 2023. Don haka ba na so in rubuta yaƙi kamar kwalliya. Ta ina zan kama siyasa da al'adar irin wannan ƙasa?

MalaminTarihi_Kassala:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka ƙara naɗa ko sarauta ɗaya, amsa min wannan: wa ke noma dawar da suke ci? Ka kwashe duk samari daga shekara 15, to ga damina ta zo. Dokin yaƙi shi ma ba ciyawa kaɗai yake ci ba, yana cin hatsi, yana buƙatar mai kula da shi, ga maƙeri, ga baduku mai ɗinka sirdi, ga mai ɗinka lifidi. Bayan kowane barde akwai gidaje da yawa da ke yi masa aiki, kuma siyasar ƙasarka tana cikin yadda aka sa su yin aikin: da biya ne, da haraji ne, ko da bauta.

Ba sai ka je nesa neman misali ba, Sudan da muke zaune a cikinta ta yi irin wannan daular. Bayan faɗuwar Khartum a 1885 da rasuwar Mahadi, jagoran da ya ci garin, a shekarar, magajinsa Halifa Abdullahi ya riƙe mulki daga Omdurman. Rundunar an raba ta tuta-tuta: baƙar tuta ta Halifa Abdullahi ce, ɗan'uwansa Yakubu ke riƙe da ita, koriya ta Ali wad Hilu, ja ta Halifa Sharif. Wanda ya kalli wannan daga waje zai ce tsarin soja ne kawai. Amma kowace tuta jama'a ce da yankinta da buƙatunta, mutanen yamma a ƙarƙashin baƙa, mutanen bakin kogi da dangin Mahadi a ƙarƙashin ja. Da Halifa Abdullahi ya ga bai amince da na bakin kogi ba, sai ya sa aka taso danginsa Ta'aisha daga yamma zuwa Omdurman, kuma dole baitulmali ya ciyar da su. Wannan ya haɗu da fari, aka yi yunwar shekara ta 1306 bayan hijira, wato 1888 zuwa 1889, wadda har yau ake kira "sanat sitta", ma'ana shekara ta shida. A 1891 dangin Mahadi suka yi masa bore. Ka ga gardamar fada ta fito daga rumbu da kuma tambayar wa ke kusa da sarki.

Saboda haka tutocin da ka riga ka yi, ka ba kowace ƙasar noma da dangi da tsohuwar gaba. Sannan ka yanke shawara a kan ganima: wa ke ƙirga ta, wa ke cire humusi, me ake yi wa wanda ya ɓoye. Mai riƙe da makullin baitulmali a labarinka ya kamata ya zama mutumin da Madawaki kansa ke shakka, ko da bai taɓa hawa doki ba.

Akwai wata hanyar kuma daga gidanku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro, a kan iyakoki, Wurno na cikinsu, inda mutum ke noma da damina, yana tsaron iyaka, ana fita yaƙi da rani. Irin wannan ƙasa tana iya ɗorewa, amma mayaƙinta yana da gona da iyali, yana iya cewa ba zai fita ba sai ya girbe. Zaɓi ɗaya daga cikin biyun, kowanne da irin rigimar da yake haifarwa.

Innar_Yara_Gadarif:

Ƙanena, na karanta tambayarka har ƙarshe ban ga mace ko ɗaya ba, shi ya sa ba ka ga gari. Idan maza suna sansani, mata ne a kasuwa, mata ne a rijiya, su ne ke sanin farashin mudu. Kuma su ne ke haifar yaran da ake ɗauka. Rubuta min daren da ya rage kwana ɗaya a zo ɗaukar yaro. Uwar me take dafa masa? Akwai wadda za ta rage wa ɗanta shekaru, akwai ungozomar da za ta rantse mata a kan haka, akwai maƙwabciyar da nata ɗan ya mutu wadda za ta tona asiri don zafin rai.

Kada kuma ka ɗauka duk mata kuka suke yi. A Kurdufan da Darfur akwai hakkamat, mata mawaƙa da ke wasa jarumi su kuma yi wa matsoraci zambo har ya kasa zama cikin jama'a. Namiji ya fi tsoron bakinsu a kan mashi. Ka sa irinsu a Sulkiya, ka sa fada tana ba su tufafi da hatsi, sai wata rana ɗaya daga cikinsu ta ƙi yin waƙa.

Dokarka ta aure kuma ban yarda da ita yadda take ba. In sai an yi yaƙi uku ake aure, to tsofaffi ne za su tara 'yan mata, samari kuma za su riƙa roƙon Allah ya kawo yaƙi. In haka kake so, to ka nuna shi a fili, domin zalunci ne babba. Zawarawa fa, wa ke aurensu, wa ke cin gadon marayu?

Baƙo_a_Jidda:

Yaya, ni batun zaɓen sarki zan taɓa. Duba Mamalik, bayin soja da suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517. Sun ci Mongol a Ain Jalut a 1260, a hanyar komawa gida Baibars da abokansa suka kashe Sarki Kutuz, Baibars ya hau gadon sarauta. Inda takobi ke naɗa sarki, kowane sarki yana tsoron rundunarsa, sai ya kafa wata ta kansa don ta tsare shi daga ta farko. Halifa Abdullahi ma ya yi haka da mulazimai, wato rundunar da ke tsaronsa, ya ɗora ɗansa Usman Shaihuddin a kansu. Ƙasa ɗaya, runduna biyu, kowace da kuɗinta. Mu da danginmu ke warwatse yau ba ma buƙatar a yi mana bayanin ƙarshen wannan.

ƊanMaiurno:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, na ɗauki hanya ta farko: mayaƙan Sulkiya ba sa noma, wasu ƙauyuka na ƙetaren kogi da aka ci da yaƙi ne ke kawo dawa a kwale-kwale bayan kaka. Zan buɗe labarin a shekara ta huɗu da ba a yi yaƙi ba, ba ganima, samari sun ƙosa ba aure, ga ruwa bai yi ba, sarki kuma ya fara tara dogarai daga danginsa. Inna, dokar auren za ta zauna, amma yanzu na san wa take yi wa amfani, kuma mawaƙiyar da kika ce ita ce uwar yaron da za a ɗauka.

Saura abu ɗaya, Malam. Alƙali da limamai a irin wannan ƙasa, fada ce ke naɗa su ta kuma ciyar da su, ko in bar musu gonakinsu da almajiransu don su iya cewa a'a? Ina so alƙalina ya ƙi halatta yaƙi da mutanen ƙetare, tunda Musulmi ne kuma suna biyan abin da aka ɗora musu.