Gashin tsoka mai kauri a gida: yaya kuke yi ciki ya nuna, baya bai ƙone ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka saba gasa naman sa yanka guda mai kauri, kamar santimita 4 zuwa 5, don Allah ku faɗa mana yadda kuke yi. Siriri ba ya ba ni wahala, amma mai kaurin nan bayansa kan yi baƙi ƙirin tun ciki bai ji wuta ba.

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. Ni garwashin nake rabawa. In tara shi gefe ɗaya, ɗaya gefen in bar shi wayam. Naman a gefen da babu wuta yake fara zama, a rufe, zafi na ratsa shi a hankali. Sai daga ƙarshe in mayar da shi kan jan garwashi, minti ɗaya ko biyu kowane ɓari. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, janye shi kawai nake yi. Ban yayyafa ruwa, don toka ce za ta tashi ta manne a jikinsa.

Wata 'yar'uwa: Malam, gaskiyarka, amma ni aikina tun jiya yake farawa. Ina barbaɗa gishiri in sa shi a firji ba rufi ya kwana. Gishirin kan fara jawo ruwa waje, ya narke, sannan naman ya sake tsotse shi, washegari ka ga bayansa ya bushe ƙayau. Bushewar nan ita ce sirrin. Muddin akwai danshi a kai zafin ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Celsius, turara shi kawai kake yi, alhali launin nan mai ƙamshi sai wajen 140 yake fitowa sosai. In babu lokaci, a ba shi ko minti 45 ne, a tsane shi kafin ya hau wuta.

Wani dattijo: Ku gafarce ni yara, ni dai in na ga ja a ciki ba na iya ci. Nawa sai ya nuna tilis.

Ɗan'uwan farko: Baba, ai hanyar nan ta fi yi maka amfani. Ka bar shi a gefen sanyi har zafin cikinsa ya kusa digiri 71, kuma ka zaɓi wajen haƙarƙari mai zaren kitse a ciki, shi ne ba ya bushewa. Jan ruwan kuma ba jini ba ne, sinadarin da ke ba tsoka launi ne.

Wani matashi: Ni tun da na sayi ma'aunin zafi mai tsinke na daina cinke. Ta gefe nake soka shi har tsakiya, nesa da ƙashi. Ina son nawa a digiri 57, sai in sauke a 53, domin nama mai kauri yana ci gaba da nuna bayan ya bar wuta. Hukumar noma ta Amurka 63 ta ba da shawara, da hutun minti 3.

'Yar'uwar ɗazu: Ni minti 8 zuwa 10 nake ba shi kafin wuƙa ta taɓa shi. Ka duba inda zaren tsokar ya nufa, ka yanka a gicciye, siriri-siriri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan gwada raba garwashin. Amma mai gasawa a kasko, shin tanda yake fara sa shi ko sai ya soya bayan naman tukuna?