Me ya sa manoma biyu a gunduma ɗaya a Amurka ba sa samun tallafi iri ɗaya?

Mai Garma: Assalamu alaikum. A jerin kuɗin tallafin da gwamnatin Amurka ke biyan manoman gunduma, za ka ga gonaki biyu masu girma ɗaya, amma wannan ya karɓi dubban daloli, wancan ko sisi. Har akwai wanda aka biya kuɗin masara alhali waken suya ya shuka. Yaya ake lissafin ne?

Malam Na Gona: Wa alaikumus salam. Manyan shirye-shiryen tallafin biyu, PLC na faɗuwar farashi da ARC na faɗuwar kuɗin shiga, ba sa duban abin da ka shuka bana. Tarihin gonar suke dubawa, wato yawan ekar da ke rubuce da sunan kowane amfani a ofishin FSA, reshen ma'aikatar noma da ke da ofisoshi a gundumomi. Shi ya sa mai waken suya ke cin kuɗin masara.

PLC na biya ne idan matsakaicin farashin ƙasa ya faɗi ƙasa da wanda doka ta yanke. Dokar noma ta 2018 ta sa masara a dala 3.70 kan bushal, kusan kilo 25 ke nan. Masarar 2019 ta tsaya a 3.56, giɓin santi 14. Mai eka 100 a rubuce, da amfanin bushal 150 kan eka, a kan eka 85 kaɗai za a biya shi, domin kashi 85 cikin ɗari ake lissafawa. Ka ninka 0.14 da 150 da 85, dala 1,785 ke nan, kafin a zaftare wani ɗan kaso na tsuke kasafi.

ARC kuwa galibi kuɗin da amfanin gona ke kawowa kan eka a gunduma yake kallo. A duba shekaru biyar, a cire mafi kyau da mafi muni, a ɗauki matsakaicin ukun, da shi ake auna ko kuɗin shigar bana ya faɗi. Fari zai iya cinye gonarka kai kaɗai, amma idan gundumar ta yi albarka, ba ka da komai. Wannan ne ke ƙona ran manoma.

Hajiya Mai Lissafi: Malam ya yi bayani, amma takardu su ne inda aka fi faɗuwa. Sai an cike AD-1026 na kiyaye fadama da ƙasa mai zaizayewa, da CCC-902 mai nuna kana noman da gaske, da CCC-941 na kuɗin shiga. Wanda matsakaicin kuɗin shigarsa na shekara uku ya haura dala 900,000 ya fita. Rahoton shuka, FSA-578, galibi 15 ga Yuli ne wa'adinsa. Ka makara, ka biya kuɗin latti. Kuma kuɗin ba ya zuwa sai Oktoban shekara mai biye, don haka kada a ci bashin taki a kansa.

Ɗan Fadama: A ƙara da batun haya. Mai gonar da ya bayar da ita kan tsayayyen kuɗi ba ya samun kaso, na mai noman ne. Wanda aka yi raba-amfani da shi kuwa yana samu. Iyakar tallafin da mutum ɗaya zai karɓa dala 125,000 ce a dokar 2018, dokar 2025 ta ɗaga ta zuwa 155,000. Amma a gonar haɗin gwiwa kowane abokin tarayya da ya cika sharaɗi yana da tasa iyakar, shi ya sa manyan gonaki ke cika saman jerin.