Ta yaya aka san ciyayin da suka taɓa tsira a hamada?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum. Jiya ƙanwata ta zo da aikin makaranta, wai Sahara ta taɓa zama kore shar, da ciyawa da tafkuna. Na amsa mata da "haka ne", sai ta ce, "To wa ya gani?" Na yi shiru. Ganye ai ruɓewa yake yi. Don Allah masana, da me ake gane irin tsiron da ya rayu a wurin da yanzu sai rairayi?

Malamar_Kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ganye kan ruɓe, amma garin fure yana da ɓawo mai taurin gaske, in ya nutse a laka ƙarƙashin ruwa sai ya daɗe dubban shekaru. Kowane dangin tsiro da siffar nasa, a madubin ƙara girma ake bambance su. A Tafkin Yoa da ke arewacin Chadi an zura bututu aka zaro laka mai hawa-hawa, kowace shekara da nata layin, har na kusan shekara 6,000. Binciken da aka fitar a 2008 ya nuna ciyawa ta riƙa ja da baya ne sannu a hankali, hamada irin ta yau ba ta kafu a can ba sai wajen shekara 2,700 da suka wuce. Shekarun kuma da kabon-14 ake ƙidaya su, wani sinadari da ke cikin ragowar tsirrai da dabbobi, wanda rabinsa ke gushewa duk shekara 5,730.

Dattijon_Zaure:
Malama, ina da ja. Garin fure iska ke ɗaukarsa, yana iya tasowa daga uwa duniya ya faɗa tafkin. Shi ya sa ni na fi yarda da shaidar ɓera. A hamadun kudu maso yammacin Amurka akwai wani ɓeran daji mai tara tsinke, iri da ganye a kogo, yana fitsari a kai. Fitsarin ya bushe ya daskare kamar ƙaro, ya rufe komai. An samu tarin da ya haura shekara 40,000, da ganyen itacen junifa a inda yau sai ƙaya. Ɓeran ba ya nisa da raminsa, abin da ya kwaso na gefensa ne. A Namibiya ma rema na barin irin wannan ajiya a duwatsu.

Mai_Neman_Sani:
Ikon Allah, fitsarin ɓera! Na gode Baba. Ita dai ƙanwar tawa na san wannan za ta fara rubutawa.