Allurar Sinawa mai lantarki na maganin ciwon hanji?

Uwar Biyu, Ƙofar Ƙaura: Jama'a, shekara biyu ke nan cikina na murɗawa, yau zawo gobe kumburi. In na ci wake kuwa, sai Allah. Hoto bai nuna komai ba, ga faɗuwar gaba. Allurar nan tana yi?

Ɗan Daura: Sannu Hajiya. Binciken da na karanta a kan ɓeraye aka yi shi. Siririyar allura ake sokawa ƙasan gwiwa, a saki ɗan lantarki, sannan a hura balan-balan cikin hanjin ɓeran a ga yadda zai murɗe. A gwaje-gwaje da dama zafin ya ragu, tsoron ma haka.

Na Bakin Kasuwa: Ɓera fa ba mutum ba ne, Yaya. Amma hanji da ƙwaƙwalwa suna jin juna, ki gaya wa likita zancen faɗuwar gaban.

Uwar Biyu: To, waken dai na ajiye.